Abin da Baban Tagwaye Ya Saki

Ni dai ban je sujadar Larabar Toka ba a bana, ranar da mu Kirista muke fara azumi, kuma duk rikicin daga nan ya taso. Wata mai rigar biki ce ta zauna mini a ka a shago, ta rantse ba za ta motsa ba sai da ɗinkinta. Sai na ce wa maigidana Baban Tagwaye ya je ya jiyo mana wa'azin buɗe azumi, ya kawo mini labari. Ku ji fa wanda na aika. Mutumin da in ka tambaye shi yaya hanya, sai ya ce maka tana nan.

Walda yake yi, ƙofofi da tagogin ƙarfe, a wata rumfa bayan tashar mota. Mun haura shekara talatin tare, tagwayenmu mata duk suna gidajensu, amma in aka tara maganar da ya yi mini tun aurenmu ba za ta kai wadda nake yi kafin ruwan shayi ya tafasa ba. Abu ɗaya ne ba ya fashi. Kullum da tsakar rana sai ya zo shagona, ya zauna a bencin bakin ƙofa, in zuba masa shayi daga fulas. Ina taka keken ɗinki ina zuba surutu, shi kuma yana "uhm", yana "to". In ya shanye ya kife kofin, ya koma wajen ƙarafansa. Ban taɓa ɗaukar wannan zaman a bakin komai ba.

Da yamma ya dawo da alamar toka a goshi.

Na ce, "Sannu da dawowa. Me aka ce?"

Ya ce, "An yi wa'azi."

"Na san an yi wa'azi, ai ba dambe na aike ka kallo ba. Me Fasto ya ce?"

Sai ya tsaya yana kallona, dogon kallo, irin wanda ake yi wa motar da ta tashi da ɗan'uwanka a ciki. Ya shiga ɗakinmu, ya ɗauko matashinsa da bargo, ya wuce tsohon ɗakin tagwaye inda muke jibge akwatuna da tsohuwar fanka, ya ja ƙofa.

Na ɗauka gajiya ce, ko kuma minsharina ne ya ishe shi, don tagwaye sun sha faɗa mini ina yi, ni dai ban taɓa ji ba. Washegari kafin in tashi ya fita. Rana ta take, benci ba kowa. Shayin ya huce a fulas. Da yamma na rufe masa shinkafa da miya, da safe na tarar da kwanon yadda na bar shi, ga ledar burodi a ƙofar ɗakin tagwaye. Burodi! Da ni a gidan, da hannuwana biyu lafiya lau.

Ran Jumma'a Rediyo ta leƙo. Ita ce mai sayar da zare da maɓallai a shagon da ke jikin nawa, kuma tare muke zumuntar mata a majami'a. Rediyo muke ce mata, ta sani, tana ma amsawa. Ta zauna a bencinsa, ta yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba.

"Maman Tagwaye, lafiya kuke da maigidan?"

Na ce, "Me kika ji?"

Sai in yi bayani a nan. Sabon Fasto aka kawo mana, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. In zai yi wa'azi Baba Hedimasta ne yake tsayawa a gefensa yana juya mana. Shi kuwa tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, ba ya wasa da aikin tafinta, har rufe ido yake in yana neman kalma.

Rediyo ta ce, "Ran Laraba da aka tashi, ina tattara littattafan waƙa, sai ga maigidanki ya je gaban Fasto. Shi fa, da bakinsa! Na ji da kunnena ya ce, 'Ko da mutum ne, a sake shi?' Baba Hedimasta ya juya wa Fasto. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya yi magana mai tsawo. Baba Hedimasta ya ce, 'Fasto ya ce musamman ma mutum. Ya ce ka sake shi, za ka ji nauyi ya sauka daga ƙirjinka.'"

Na ce, "Wane mutum?"

Ta ce, "Yo wane mutum gare shi a duniyar nan da zai saki in ba ke ba?"

Allura ta soke ni a yatsa ban ji ba. Na ce, "Haba, ke kuwa. Mu da ba a saki a ikilisiyarmu? Kuma a ce Fasto da kansa ne ya ba da izini?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Baƙo ne. Wa ya san yadda suke yi a can inda ya fito?"

Wai nauyi. Ni ce nauyin. Na yini ina juya kalmar nan a raina, har na haɗa wa wani yaron makaranta wando da aljihu a baibai.

Ran Lahadi na yi kwalliya don kada maƙiya su gani a fuskata. Majami'armu tana tsakanin kantin magani da shagon masu faci, in ana addu'a ana jin ƙarar injin iska. An lulluɓe bagade, teburin gaban majami'a, da shunayyan ƙyalle, an kwashe furanni, an ajiye ganguna sai Ista, bikin ƙarshen azumi. Wurin zamanmu ni da shi sananne ne, benci na kusa da tagar da shi ya yi wa ƙarfe. Na zauna ni kaɗai. Na waiga, sai ga shi can baya, jikin ƙofa, wajen masu raba wurin zama. Idon matan zumunta duk a kaina. Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Aka zo sanarwa. Baba Hedimasta ya ce Fasto yana tunatar da mu cewa Lahadi ba ta cikin lissafin azumi, ranar murna ce, duk wanda ya bar wani abu yana iya hutawa yau. Ban ma sa kunne sosai ba, ni da sukari kawai na ce na bari. Bai rufe baki ba na ji benci ya motsa. Baban Tagwaye ne a gefena, yana ƙamshin sabulu, yana haki kamar wanda ya yi gudu. Da aka tashi waƙa ya buɗe littafi ya riƙe mana tare, har da matso da shi kusa da idona.

Na ce a raina, au, don idon jama'a ke nan. To amma da muka koma gida, inda babu jama'ar, ya cinye kwano biyu ya suɗe hannu. Ya jawo kujera ƙofar kicin ya zauna yana kallona ina wanke-wanke. Na sha mur, na ce yau ko tari ba zan yi masa ba. Na daure har na gama tukwane. Daga nan bakina ya ci amanata, na ba shi labarin mai rigar biki da na wandon yaron nan. Har dariya ya yi. Ya mai da matashinsa ɗakinmu. Na ce to, Allah na gode, ko mene ne ya wuce.

Litinin da safe babu shi, babu matashin.

Kai, jama'a! Haka fa muka shiga yi. Ranar Lahadi ina da miji, sauran kwanakin ina da ɗan haya. Na rasa gane gabansa da bayansa. Na ce ko tartsatsin walda ne ya taɓa masa kai. Na ce ko wata cuta likita ya gaya masa yake ɓoye mini. Na buga wa babbar cikin tagwayen waya ina kuka, ta ce, "Mama, kin tambaye shi kuwa, ko ke kaɗai kike tambaya kina ba kanki amsa?" 'Yar nema, halin ubanta ne da ita.

Na tare shi a ƙofa wata safiya, takalminsa a hannu yana sanɗa.

"Baban Tagwaye, na yi maka wani laifi ne?"

Idonsa a ƙasa ya ce, "A'a."

"To mene ne?"

"Ba a faɗa."

"Wa ya hana faɗa?"

"Fasto."

Ya raɓa ta gefena ya fice, yana kaffa-kaffa kada ko rigarsa ta taɓa ni. Fasto kuma! Daga ranar na daina fashin wa'azin Laraba. Ina rufe shago da wuri in je in zauna a gaba, ba don tsarkin rai ba, Allah ya gafarta mini, don in ji me mutumin nan yake zuba wa mijina a kunne.

Wa'azin kuwa ƙara ɗaure mini kai ya yi. Wata Laraba aka ce mai azumi kada ya yi shela, abin da ke tsakaninsa da Ubangiji ya bar shi a nan. Na ce to, ga inda aka ɗinke masa baki, bakin da dama a ɗinke yake. Wata Laraba aka ce duk wanda ya rabu da abin da ya saba zai ji ƙishinsa, amma ya cije, kada ya waiwaya. Na waiga baya, ga shi can jikin ƙofa yana gyaɗa kai, idanunsa jawur. Wata Larabar kuma aka ce kowa ya tuna wanda ya fara ƙauna, ya koma gare shi. Rediyo ta zungure ni da gwiwar hannu. Na kwana ina lissafin 'yan matan unguwarsu na da, waɗanda suka mutu da waɗanda suke raye. Iya sanina ni ce ta farko. Amma yanzu me na sani?

Ana cikin haka wata safiya na buɗe shago na tarar an yi wa matakin kekena walda. Ya daɗe da tsagewa, da waya nake ɗaure shi. An kuma zuba wa ƙofar shagon mai, ta daina kukan da take yi. Shi kaɗai yake da ɗayan makullin.

Na ce wa Rediyo, "Mai shirin sakin mace zai gyara mata keke?"

Ta ce, "Sallama ce. Yana so ya bar ki da abin neman abinci."

Na so in kwaɗa mata almakashi, amma maganar ta zauna mini. Ga shi kuma yana ramewa a idona, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina kuma jin tsoro. Tsoron ya fi yawa. Ban taɓa sanin cewa zaman mutum shiru a benci yana cika shago ba sai da bencin ya zama wajen ajiye yadi.

Lahadin da ta biyo baya ya zauna kusa da ni kamar yadda ya saba, ya riƙe mana littafi. Ban iya waƙar ba. Na ga cewa ba zan iya ci gaba da zama matar ranar Lahadi ba, ina jiran a zo a gaya mini ranar da zan kwashe kayana. In tafiya ce, gara in tafi da ƙafata. Ran Laraba na haɗa jaka, na yi niyyar wucewa gidan 'yata daga majami'a. Amma sai na fara ganin wanda ya kashe mini aure ido da ido.

Ana tashi daga wa'azi, rana ba ta gama faɗuwa ba, na bi su ɗan ofishin da ke bayan bagade. Fasto yana cire abin wuyansa, Baba Hedimasta yana shan ruwa. Na dire jakar a kan tebur.

"Baba, ka juya masa, kada ka rage ko kalma ɗaya. Ka tambaye shi me na tare masa da zai ba mijina izinin ya sake ni."

Ruwan ya sarƙe Baba Hedimasta. Ya yi tari, ya juya. Fasto ya zaro ido, ya dafe ƙirji, ya yi ta magana da sauri yana girgiza kai.

Baba Hedimasta ya ce, "Ya ce shi? Ya ce Allah ya kiyaye. Ya ce bai taɓa ba, ba zai taɓa ba."

"Ƙarya na yi ke nan? Ran Larabar Toka bai ce masa musamman ma mutum ba?"

Suka dubi juna. Baba Hedimasta ya leƙa waje ya ce a kira mai walda. Ya shigo da hularsa a hannu. Da ya ga jakata sai ya tsaya cak, ya dube ta, ya dube ni, fuskarsa ta yi fari fat.

Baba Hedimasta ya ce, "Ɗana, Fasto yana so ka faɗi abin da ka tambaye shi ranar nan, da dalili."

"An ce ba a faɗa."

Aka juya wa Fasto. Fasto ya kama hannayen Baban Tagwaye biyu, ya yi magana, Baba Hedimasta ya juya.

"Ya ce yau ya ba ka izini. Ya ce don Allah ka faɗa, kafin matarka ta rushe masa ofis."

Baban Tagwaye ya murza hula. Ya daɗe yana murzawa. Sannan ya yi magana, kuma ban taɓa jin ya jera kalmomi masu yawan haka ba.

"Baba, kai ka ce. Ka ce a azumin nan kowa ya duba abin da ya fi riƙe masa zuciya, ya sake shi har Ista. Ka ce kada a yi wa Allah wayo a ba shi abin da ba a damu da shi ba. To na duba. Na ce ko shayi ne. Na ga ba shayin ba ne, don na gidan mai shayi ba ya mini daɗi. Na ce ko ƙwallon da nake ji a rediyo ne. Na ga in babu ita ma ina barci. Na yi ta dubawa." Ya nuna ni da hular, bai ɗago ido ba. "Ita ce. Shi ya sa na tambaya ko da mutum ne. Aka ce musamman ma mutum."

Fasto yana ta taɓa hannun Baba Hedimasta, yana jiran a juya masa. Baba Hedimasta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya rufe ido. Ya fara juyawa, muryarsa ta karye a tsakiya, ya sake daga farko. Da ya kai ƙarshe Fasto ya zauna daɓas a kujera, ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Da ya samu kansa ya yi bayani, Baba Hedimasta yana juyawa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ashe abin da Fasto yake nufi shi ne abin da ya ɗaure zuciya, wato ƙulli da gaba da fushin da aka daɗe ana riƙo. Da aka tambaye shi ko da mutum ne, ya ɗauka wani ne ya yi wa mai walda laifi yake neman yafe masa. Baba Hedimasta ya ce, "Ni na ce riƙe. Da na ce ɗaure, ko ƙulle. Ku yafe mini, 'ya'yana."

Baban Tagwaye ya ce, "To azumin nawa bai karɓu ba ke nan?"

Fasto ya ce, ta bakin Baba Hedimasta, shi dai bai isa ya ce bai karɓu ba, amma yana roƙonsa ya tsaya haka nan. Sai ya juyo gare ni da murmushi, ya tambayi me ni na bari.

Na ce, "Sukari."

Baban Tagwaye ya ɗago. Shi ne ya raka ni asibiti bara ranar da likita ya hana ni sukari. Ya yi mini kallo ɗaya, na sunkuyar da kai.

Muka fito. Shi ya ɗauki jakar. Ni da ake cewa ko a barci ba na rufe baki, har muka wuce kantin magani, muka tsallaka titi, muka isa gida, ban sami kalma ɗaya ba. Fushi nake ji, da kunya. Shekara talatin da ɗoriya mutumin nan bai taɓa ce mini yana sona ba. Ranar da zai faɗa, sai da aka sa tafinta a tsakani, kuma wani ƙato ya riga ni yin kuka.

Washegari da tsakar rana ya zo shago. Na kwashe yadin da ke kan benci, ya zauna, na zuba masa shayi. Rediyo ta leƙo, na yi mata kallo ɗaya ta koma wajen maɓallanta.

Na ce, "To yanzu me za ka saki, tunda azumi bai ƙare ba?"

Ya ce, "Baba Hedimasta ya ce fushi."

"Sai ka saki."

Ya kurɓi shayi. "Na duba tun jiya. Ba ni da shi."

"Ni ina da shi," na ce. "Ina da shi buhu-buhu. Ka bar ni ina kwana ni kaɗai ina lissafin matattun 'yan mata. Ka ci burodi a gidana. Ka sa na haɗa jaka, Baban Tagwaye. Da na tafi fa?"

Ya ajiye kofin a hankali. Ya gyara zama a bencin, ya jingina da bango kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya.

Ya ce, "To ki zuba mini shi duka. Ni sai in sake miki."

Na buɗe baki zan fara, sai kuka ya riga maganar fitowa. Na sunkuya na taka keke don kada ya gani, na ɗinke hannun rigar mutane ruf. Shi kuma yana zaune yana jira, yana cewa "uhm", alhali ban ce komai ba tukuna.